Shekarar da Fari Ya Fito wa Mahaifiyarku

Na daɗe ina jin yadda kuke ba 'ya'yanku labarin nan, kuma ba daidai kuke ba da shi ba. Kuna cewa lokacin da fari ya fito wa mahaifiyarku a jiki, mutanen Daudawa duka suka juya mata baya, ni kaɗai na tsaya ban ko girgiza ba. Labari ne mai daɗin ji a kunnen tsoho, shi ya sa na yi shekaru ban gyara muku ba. Amma yanzu ita ba ta nan, ni ma kwanakina na gaba ba su kai na baya ba, kuma ba na so in same ta da haƙƙinta a wuyana. Na tsaya, gaskiya ne, amma a makare na tsaya. Wadda ta tsaya tun ranar farko ita ce.

Ku ƙananan ba ku san ta da fatarta ta asali ba. Hauwa'u, wadda kowa ke kira Kulu, baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, wanda in ta yi wanka ta shafa man kaɗe sai ka ga haske yana zamewa a goshinta. Mutuniyar Kankara ce, kuma a gidansu ba a taɓa ɗaukar baƙi a matsayin abin da za a yi wa magani ba. Lokacin da na auro ta ina malamin gona, ina yawo da babur tsakanin Daudawa da Yankara da Faskari ina duba gonakin auduga. A babban gida muke zaune, gandunmu ɗaya da yayana Mamman, mahaifiyarmu Inna kuma ita ke riƙe da cikin gida tun rasuwar Baba. Kulu ba ta yi shekara biyu a garin ba aka san ta da waina. Kafin hantsi kwanonin maƙwabta sun yi layi a bakin tandarta. In ana suna ko biki a unguwa, ita ake fara aikowa a kira, domin ita ce ke tuƙa tuwon mutum ɗari bai yi gudaji ba. Hannunta shi ne mutuncinta a garin, ku riƙe wannan.

Shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Sa'adatu, bayan ta gama wankan jego, sai wani ɗan tabo ya fito mata a gindin babban yatsan hannun dama, fari fat kamar ɗigon nono. Muka ɗauka mai ne ya fallatso mata daga tanda. Amma duk wanda ya taɓa ƙonewa ya san ƙuna a baƙar fata in ta warke duhu take ƙarawa, wannan kuwa kullum haske yake yi. Sai aka ce kyasfi ne, aka shafa abin da ake shafa wa kyasfi, bai ko motsa ba. Kafin ruwan farko ya sauka ya kama yatsunta huɗu, ya tsallaka hannun hagu, ya fito a gefen baki da ƙasan ido ɗaya. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo, ba zazzaɓi. Da a ce jikinta ne kawai zai yi magana, da ya ce lafiya lau take. Amma a kan baƙi irin nata, tun daga bakin zaure kana hango shi.

Ban san wanda ya fara furta kalmar ba. Na dai san cewa wata rana na tsaya a kasuwar Yankara, wani dillalin auduga da muka saba ya ja ni gefe ya yi mini jaje, ya ce ya ji iyalina ta kamu da albaras. A wurinmu kuwa a lokacin, albaras da kuturta gida ɗaya ne, ba mai tsayawa ya raba maka su. Daga nan kwanoni suka fara raguwa a bakin tanda. Aka yi suna a gidan da katanga ɗaya ta raba mu, muna jin daka muna jin guɗa, ba a aiko an kira ta ba. A cikin gida ma matar Yaya Mamman ta ware mata moɗa a bakin randa. Kulu ta ga moɗar, ta ɗauka, ta ci gaba da sha da ita.

Nan ne wurin da ba ku sani ba. Ni da na yi boko, ni da nake tara manoma ina gaya musu kada su yarda da jita-jita a kan taki da maganin feshi, sai tsoro ya shige ni. Ban gaya mata ba, ban gaya wa kowa ba. Sai na fara tsayawa a tasha in ci shinkafa da wake kafin in iso gida, in na shigo in ce aiki ya riƙe ni, an ba mu abinci a can. Ita kuma kullum sai ta zuba mini tuwona, ta rufe da faifai, ta ajiye a inda ta saba. In safiya ta yi ta ɗumama wa yara. Mun yi kusan wata huɗu a haka. Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci, ta kawo kwano ta ajiye, na buɗe baki zan faɗi abin da na saba, sai ta riga ni.

"Malam, in tsoro kake ji, ka ce tsoro kake ji. Ba zan ga laifinka ba, ni ma ina ji. Amma ka daina ce mini ka ƙoshi."

Duk da haka ban ci ba. Wannan ita ce rana mafi muni a aurenmu, kuma ni na yi ta.

Kafin nan an gwada duk abin da aka sani. Inna ta sa aka kira wanzami, ya yi mata tsaga a bayan hannu, ya cusa wani gari mai zafi, ya ce zai jawo baƙin ya dawo. Wurin ya tashi ya yi ruwa, ta yi kwanaki ba ta iya riƙe muciya. Da ya warke, duk inda aska ta bi sai fari ya bi, layi-layi, har ka iya ƙirga tsagar. Sai ƙanwarta Talatu ta zo daga Funtua da wani mai a 'yar kwalba. Talatu ta daɗe tana shafa irin man nan da ke sa mace ta yi haske, kuma ta zo ne da zuciya ɗaya, tana kuka. Shawararta ita ce, tunda ba za a iya dawo da baƙin ba, to a kore shi gaba ɗaya, Kulu ta shafa ta yi fari ko'ina, sai tabon ya ɓace a ciki. Ta ce mata ma har so ake yi, maza sun fi kallon farar mace. Kulu ta karɓi kwalbar ta juya ta a hannu, sannan ta kama hannun ƙanwarta ta duba. Gaɓoɓin yatsun Talatu sun yi baƙi ƙirin, sauran hannun ya yi ja kamar an ɗaye, kumatunta kuma sun ƙone har jijiyoyi sun fito.

"Ke da kike da lafiya ga abin da ya yi miki," in ji Kulu. "Wanda ya tafi, Allah ne Ya ɗauke abinSa. Wanda ya rage kuwa ba ni zan kore shi da hannuna ba."

Ta mayar mata da kwalbar. Talatu ta yi fushi ta koma a ranar, sai da aka yi sallah biyu kafin ta sake zuwa.

Abin da ya kawo maganar ƙarshe shi ne Sa'adatu. Tana da wata bakwai, tana shan nono. Inna ta kira ni ɗakinta da safe, ta sa aka kira Kulu, ta ce ta yi haƙuri iya haƙuri, amma ba za ta zuba ido cutar ta bi nono ta shiga jikarta ba. A yaye ɗiyar a kai ta ɗakin Mamman, matarsa ta riƙe ta da kunu. Ku sani Inna ba muguwa ba ce. Tana yarinya ta ga yadda kuturta ta cinye yatsun wani kawunta har aka yi masa bukka a bayan gari, ana tura masa abinci da sanda. Abin da take gani ke nan duk lokacin da ta kalli hannun surukarta. Ni ina zaune na sunkuyar da kai. Kulu tana durƙushe a bakin ƙofa da jaririya a baya, ta bari Inna ta gama, sannan ta yi magana a hankali.

"Inna, na yarda a kai ni asibiti a duba. In aka ce ita ce, da hannuna zan miƙa miki ɗiyar nan. Amma ina roƙon ki zo mu tafi tare. In ni da Malam kaɗai muka dawo da labari, za a ce rufa mini asiri ya yi."

Inna ba ta taɓa shiga asibiti ba, ko haihuwarmu duk a ɗaki ta yi. Ta dubi Kulu. Sannan ta ce a nemo mata takalmanta.

Muka shiga mota zuwa Kankara, domin Kulu ta ji a wurin danginta cewa akwai wani ma'aikacin lafiya a can da aikinsa ke nan, duba masu kuturta. Dattijo ne, ana ce masa Malam Garba, shi ma baƙi kamar mu. Abin da ya fara yi shi ne ya miƙa hannu ya kama nata, ba safar hannu, ba komai, ya ja ta bakin taga inda akwai haske. Ya juya tafin, ya juya bayan, ya matsa wata jijiya a gwiwar hannunta ya tambaye ta ko da zafi. Sannan ya tsinko ɗan ƙullin auduga ya murza shi ya yi siriri, ya ce ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta nuna da yatsa. Ya taɓa farin, ta nuna. Ya taɓa baƙin, ta nuna. Ya yi kamar zai taɓa bai taɓa ba, ta yi shiru. Ya koma gefen baki, ƙasan ido, kan tsagar wanzami, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ni ina tsaye ina kallo, abin da ke raina ba cutar ba ce. Lissafi nake yi, wata huɗu ke nan ban taɓa hannun nan ba, ga wani bare ya riƙe shi kamar ba komai.

Da ya gama, bai juyo wurina ba, wurin Inna ya juya ya rage tsawo. Ya ce mata wannan ba kuturta ba ce, kuma ba ta zama kuturta. Tabon kuturta a fata irin tamu ba ya yin fari fat haka, dusashewa yake yi, ya yi ja-ja kamar jan ƙarfe, kuma wurin mutuwa yake yi, ko da allura ka soka mutum ba zai ji ba. Wannan kuwa launi ne kawai ya janye daga wurin, nama da jini da jijiya duk lafiyarsu lau. Ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a shimfiɗa, ba ya bin nono. Ya ƙara da cewa ko kuturtar ma yanzu tana da magani, in aka zo da wuri ko yatsa ɗaya ba a rasawa. Inna ta tambaye shi, to mi ya sa ba ta taɓa ganin irinsa a jikin kowa ba sai surukarta.

"Kin gani, Inna, ba ki dai lura ba," in ji shi. "Kowane irin mutum yana yi, har Turawa. Amma mai farar fata in ya fito masa, sai ka matso kusa kafin ka gane. Ciwon ɗaya ne. Baƙinta ne kawai ya sa nata yake magana da ƙarfi."

Ya gaya mana cewa littattafan da suka karanta a makaranta, hotunan ciki kusan duk na fararen fata ne, inda aka rubuta wuri zai yi ja, a jikinmu sai ka tarar duhu ya yi. Ya ce sai da ya yi shekaru yana duba mutanenmu kafin idonsa ya koyi karanta fatarmu. Sannan ya ba Kulu dokoki. Kada a sake sa mata aska, domin duk inda fata ta ji rauni nan farin zai bi. Kada ta kusanci man da ke sa haske. Wurin da ya yi fari ba shi da abin da ke kare shi daga rana kamar sauran jikinta, zai riƙa ƙonewa, saboda haka ta riƙa rufe shi in za ta daɗe a waje. Ya rubuta mata wani magani na shafawa, ya ce wataƙila na fuska ya ɗan dawo, na hannu kuwa ba zai yi mata alkawari ba.

Muka kamo hanyar gida har muka wuce Sheme. Sannan Inna ta ce, kamar da kanta take magana, shi Malam Garba ai ba shi zai ci tuwon ba. Amma ba ta sake ta da maganar yaye ba. Ni kuwa da muka iso gida, tun ban cire hula ba na ce wa Kulu ta zubo mini abin da ke akwai. Ta kawo sauran ɗumamen safe, ya yi sanyi, na cinye har na suɗe kwanon. Ba ta taɓa yi mini gorin waɗannan watanni ba har ta koma ga Allah. Da ta yi mini gorin, da wataƙila na fi samun sauƙi.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe gari ba ya shiga mota ya je asibiti. Na faɗi abin da Malam Garba ya ce a masallaci, na faɗa a kasuwa, ana gyaɗa mini kai, amma kwanoni ba su dawo ba. Sai kuma ga maganar auren Asabe, ɗiyar Yaya Mamman ta fari. Mutanen Yankara da suka kawo kayan gaisuwa suka fara ja da baya, aka ce suna tambaya ko cutar tana cikin gidan. Yaya Mamman ya same ni a zaure bayan la'asar. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba saki yake nufi ba, in dai mayar da ita gidansu a Kankara ta zauna har a ɗaura auren, in ƙura ta lafa sai a ga abin da ya dace. Na san irin wannan tafiya, na ga matan da aka yi wa ita. Ba a dawowa. Na ce masa likita ya duba, Inna shaida ce. Ya ce shi bai musa ba, amma ba likita ne zai auri ɗiyarsa ba.

"Yaya," na ce, "in dole sai ta bar gidan nan, to tare za mu fita."

"To ka raba gandu ke nan," in ji shi.

Ban taɓa mayar masa da magana ba tunda na tashi, shi ya riƙe ni bayan Baba. Aka kira dattawa aka raba. Shi ya ɗauki fadama da gonar bakin rafi, ni aka ba ni faƙon nan na kan tudu da kuka sha wahalar tsince duwatsunsa kuna yara. Kun sha tambayata me ya sa gonarmu ta fi ta kowa tsakuwa a dangi, to ga dalilin. Shekara bakwai Yaya Mamman bai taka ƙofar gidana ba. Muna haɗuwa a jana'iza, mu gaisa kamar baƙi. Na so in nemi a mayar da ni aiki Sabuwa, mu tafi inda ba a san mu ba, har na rubuta takardar. Kulu ta hana. Ta ce in muka bar garin yanzu mun sa hannu a kan abin da ake faɗa, kuma 'ya'yanta za su girma ana ce musu 'ya'yan wadda ta gudu. Ta ce in gina mata ɗaki ko a bakin gari ne, amma a Daudawa. Haka aka yi. Na sami fili a gefen gari na fara gini da kaka.

Ana saura kwanaki mu tashi, ina zaure ina gyaran babur, sai ga Dije ta shigo da ƙwaryarta. Dije Bafulatana ce daga rugar da ke hanyar Faskari, fara, doguwa, kuma tun kafin a yi mini aure take kawo wa Inna nono. Inna ba ta shan na kowa sai nata. Ta durƙusa za ta sauke, Kulu da ke kusa ta miƙa hannu za ta tallafa mata ƙwaryar, sai matar Yaya Mamman ta yi maza ta ce a bari, ita za ta kama. Dije ta sauke kayanta da kanta. Ba ta buɗe faifai ba. Ta kamo hannun Kulu ta daɗe tana dubawa, sannan ta tura awarwaronta sama har gwiwar hannu, ta ɗaga duwatsun wuyanta, ta matsa kusa da Inna. Na taso na leƙa. A wuyan hannunta da ƙasan wuyanta ga shi nan, shimfiɗe, ya ma fi na Kulu faɗi. Yatsunta kuma da muke ganin kullum cikin lalle, ashe ƙarƙashin lallen farare ne. A kan fatarta sai ka ce inuwa ce kawai ta gifta.

"Inna, shekara nawa kina shan nonona? Tun ina goyon ɗana na fari wannan ya fito mini. Da hannun nan nake tatsa, da shi nake dama miki fura. Mi ya same ki?"

Ku gane abin da matar nan ta yi. Da nonon nan take ciyar da gidanta, kuma ta san kafin la'asar labarin ya zaga gari. Ya kuwa zaga, akwai gidajen da suka daina saye a wurinta. Ba danginmu ba ce, ba abin da ta nema a wurinmu. Duk wanda ya haɗu da jikokinta a cikinku, ya san akwai abin da ke tsakaninmu.

Inna ta ce Dije ta buɗe faifai. Ta sayi nononta kamar kullum, ta shige ɗaki. Muka tashi muka koma sabon gida, ba ta fito ta yi mana sallama ba. Rana ta uku da hantsi sai muka ji sallama a ƙofa. Inna ce, ita kaɗai, da sandarta, ta taka tun daga tsakiyar gari. Ta zauna a kan tabarma ta duba ɗakunan, ta ce ginin ya karkace ta gabas. Sannan ta tambayi Kulu ko yau ba a yi waina ba. Kulu ta ce ta daina kwaɓawa da yawa tunda ba masu saye, amma akwai ɗan ƙullu. Ta hura wuta ta soya, ta zuba miyar taushe, ta kawo a kwano ta ajiye, ta ja da baya. Inna ta ce ta matso ta sa hannu. Suka ci a kwano ɗaya, suruka da suruka, abin da ko kafin ciwon ba su taɓa yi ba saboda kunya. Da za ta tafi ta sa aka zuba mata sauran, ta ƙi a rufe, ta ɗauka a tafin hannu ta bi ta babbar hanya. Duk wanda ya gaishe ta sai ta tsaya ta gaya masa daga inda take da abin da ta ci.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya koma daidai. Auren Asabe da mutanen Yankara bai yiwu ba, wani ta aura daga baya, kuma uwarta ta mutu tana ganin laifinmu. Akwai gidajen da har Kulu ta bar duniya ba su sake aiko da kwano ba. Amma sannu a hankali layin ya dawo, bayan shekara uku aka sake kiran ta tuƙin biki, ta tafi da hannayenta a buɗe. Maganin ya dawo mata da ɗigo-ɗigon baƙi a ƙasan ido, farin hannu kuwa sai ma gaba da ya yi, har ya kai ga gwiwar hannu. Ta ɗinka wa kanta riguna masu dogon hannu saboda rana, ta sa na kafa mata rumfa a kan tanda, man kaɗe kuma bai taɓa yankewa a ɗakinta ba. Lalle tana sawa da sallah da biki kamar kowace mace, in ya goge ba ta gaggawar mayarwa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne abin da ya biyo baya, wanda ba wanda ya shirya shi. Mata suka fara zuwa wurinta a ɓoye, daga Yankara, daga Faskari, har daga ƙauyukan Sabuwa. Mace za ta shigo kamar sayen waina, sai ta ja ta ɗaki ta ɗaga zane ta nuna mata tabo. Kulu ba ta ba da magani, ba ta kuma ce ita likita ce ba. Auduga take tsinkowa ta ce a rufe ido. Kowa asibiti take tura shi, amma wadda ta ji taɓawar takan tafi da kwanciyar hankali, ta kuma tafi da gargaɗi a kan aska da man haske. Wata amarya daga wajen Sabuwa ta zo da tabo ja-ja a baya, Kulu ta taɓa sau uku ba ta ji ba. Ranar ta rufe tanda ta raka ta Kankara da kanta. Kuturta ce kuwa, aka kama ta da wuri. Matar tana nan har yau da yatsunta goma, ta zo ta'aziyyar mahaifiyarku, ita ce wadda kuka ga tana kuka a bakin rumfa ba ku san ta ba.

Shekarar da za ta tafi aikin hajji, kuka matsa sai ta yi hoto babba. Na kai ta Funtua. A lokacin farin ya kama rabin fuskarta. Mai hoton mutumin kirki ne, da ya ɗauka ya nuna mana a na'urarsa, sai ya rage murya ya ce wa Kulu in tana so zai iya shafe mata wuraren nan, fuskar ta fito launi ɗaya, ko baƙa ko fara, duk wanda ta zaɓa, ba wanda zai gane. Ta sa gilashinta ta matsa ta kalli kanta da kyau. Sai ta yi dariya.

"Ɗana, in ka gyara, jikokina za su tambaya wace ce wannan. Wanke shi yadda yake."

Shi ne hoton da ke rataye a ɗakunanku. Kada wanda ya kai shi a gyara.